Rasuwar Verona Tulloch-Reid, Gwanar Tseren Mita Sittin

Cikin alhini da nauyin zuciya Ƙungiyar 'Yan Tsere ta Orange Vale, a ƙasar Jamaika, ta samu labarin rasuwar ɗiyarta, gwanar tseren mita sittin na cikin zaure, Uwargida Verona Tulloch-Reid, wadda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a birnin Glasgow bayan gajeriyar jinya, tana da shekara talatin da huɗu.

Wajibi ne ƙungiya ta gyara abin da wasu jaridu suka rubuta, wai a jami'ar Amurka marigayiyar ta koyi gudu. Ba haka ba ne. A tsohuwar rumfar ɗaurin ayaba da ke bakin rafi ta koya, inda daɓen siminti bai wuce mita sittin da 'yan kai ba sai bango, har ya zama al'adarmu iyaye maza su jeru da katifu a ƙarshen layi domin tare yara. Kowace Asabar mahaifiyarta, Miss Icilda Tulloch, takan aiko da katifar gadonta, amma ita ba ta taɓa zuwa kallo ba. In muka matsa mata sai ta ce wa sakatarenmu, tsohon hedimasta, "Ticha, katifa na ba ku aro, ba ido ba. Ku je ku gwara mini 'ya da bango ku kaɗai."

Daga wannan rumfa marigayiyar ta tafi ta shekara goma sha ɗaya tana ɗaga tutar Jamaika a manyan zaurukan Turai da Amurka, kuma masana sun shaida cewa samun mai saurin tashinta daga layi sai an tona. Da yake tsakiyar hunturu ake wannan tsere, duk tsawon shekarun nan ba ta sha zoɓon Kirsimeti a gida ba, kuma ta sha faɗa mana cewa ba abin da take kewa kamar ƙarar ruwa a kan kwanon rumfarmu. Saboda haka ta yanke cewa a nan za ta yi tserenta na ban kwana, Asabar ta farko a watan gobe, mahaifiyarta kuma, a karon farko, ta yarda za ta zo.

Muna roƙon Ubangiji ya ba ta hutawa, ya ba mijinta, Mista Orville Reid, da mahaifiyarta da dangi duka haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Kwamiti ya so ya soke tseren, amma Miss Icilda ta ƙi, saboda haka za a yi shi a ranar da aka sa, a bar layi na huɗu, wanda aka keɓe wa marigayiyar, ba kowa. Ga abin da ta ce mana: "Ku ajiye mini kujera, ku nuna mini inda da za ta tsaya. Ni na san inda zan kalla."

Linval A. Goulbourne
Tsohon Hedimasta, Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya