Madatan Kaka Hamza

Dala, Oktoba 1979

Gwaggo Fanna,

Assalamu alaikum, ya gida ya jikin Kaka? Ki yi haƙuri da ajamina.

Kin san ni na raka shi tafiyar ban kwana ta tsohon jirgin ƙasa mai kwal, wanda ya shekara talatin yana zuba wa wuta. Tun daga tasha yake ba ni labarin kurmin madatai da jirgin ke ratsawa can kudu. Da muka kusa ya ce, "Kai ja'iri, ara mini idonka, suna nan?" Ni kuwa wasan jika ya motsa, na ce, "Tsoho, soja sun sare su kafin su sauka daga mulki, ko asuwaki ba su bari ba." Ina jira ya ɗaga mini sanda mu yi dariya. Sai ya janye kansa daga taga. Haka muka dawo Kano.

Gwaggo, suna nan! Jajaye, dogaye, hayaƙi na ratsa rassansu. Ki karanta masa, ni na kasa haɗa ido da makaho.

Ɗanki, Nata'ala

Mandawari

Nata'ala,

Wa alaikumus salam. Daga Dala zuwa Mandawari sai da wasiƙa? Ƙafarka aka sare?

Na karanta masa sau biyu. Ya yi murmushi ya ce, "Yaron nan ya girma, ya fara lallashin tsofaffi." Bai yarda ba. Abinci ma sai da faɗa, kullum yana ƙirga itatuwan da sunayen da suka sa musu shi da abokan aikinsa, yana yi musu addu'a kamar mamata. Allah ya shirye ka.

Gwaggonka

Dala

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yawon tasha kwana uku neman wanda zai shaide ni, an ce an kulle jirgin, direban ya koma garinsu. Ki gaya masa zan zo da alwala in dafa Alƙur'ani a gabansa. A gaida mutan gida.

Nata'ala

Mandawari

Nata'ala,

Bayan gaisuwa, ya ce kada ka kuskura ka dafa Littafi saboda shi. Ya ce maganarka ta cikin jirgi ita ce gaskiya, ba ta buƙatar yafiya, ƙaryar wasiƙa kuwa ya yafe maka. Ka zo Juma'a ka yi masa aski. Wassalam.

Fanna