Iskar Da Kuka Samu A Rijiyata

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Awon Ruwa na birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, Allah ya ƙara girma. Ni ne Tanko Mai Albasa na ƙasar Kiru, mai rijiyar bakin kasuwa wadda mahaifina ya haƙa, rabin ƙauyenmu ke sha a cikinta. Ranka ya daɗe, dagaci ya ce ranar Asabar mai zuwa za a cike rijiyar nan da ƙasa, kuma bakin mutanenka ne ya jawo mini.

Na farko. Da bazarar nan malaminku ya zo tare da duba-gari da akwatin kwalabe. Na ba su guga, na shimfiɗa musu tabarma, har fura aka dama musu. Suka ɗebi ruwan rijiyata, suka ɗebi na kududdufin bayan gari, inda majema ke wanke fata jakuna kuma ke fitsari. Na tambayi malamin me za a yi da ruwan. Ya ce za a toshe kwalbar gam, a ajiye ta cikin duhu kwana biyar, sannan a auna a ga iskar da ta rage a ciki. A gaban jama'a ya faɗi haka, ranar kasuwa! Ranka ya daɗe, a nan idan aka ce akwai iska a rijiya ba wanda zai tuna da wadda ake shaƙa, aljanu kawai ake nufi. Ga kwalba, ga toshiya, ga ɗakin duhu.

Na biyu. Da sakamako ya fito, duba-gari ya tsaya a ƙofar dagaci ya karanta cewa iskar ruwan kududdufi ta ƙare ƙaf, amma ta rijiyar Tanko tana nan daram. Ya haye kekensa ya yi gaba. Na bi shi har Bebeji da ƙafa, nan ya warware mini. Wai akwai wasu halittu da ido ba ya gani, masu cin dattin ruwa suna shanye iskarsa. Ruwa mai ƙazanta sai su ƙarar da iskar, mai tsabta kuwa tasa ta zauna. Ashe yabon rijiyata kuka yi. Na dawo da murnata na tara mutane bayan la'asar ina bayani. Ina kaiwa kan halittun da ido ba ya gani, sai liman ya ja da baya ya ce, "To Tanko, ai maganar ke nan."

Na uku, ga inda muke yanzu. Albasata ba mai ko tayawa, wai da ruwan iska na yi ban-ruwa. Masu garayar bori sun zo sun tare a bakin rijiyar suna kiɗa. Kullum sai na tarar an ajiye zakara a wurin, kuma ba zan ɓoye ba, ni nake cinyewa, amma wallahi ba na jin daɗin naman. Abin da ya fi ƙona mini rai, gari duka ya koma kududdufi, har da matata Asabe, wai birni da kansa ya shaida babu iska ko ɗaya a ciki. Yara na ta gudawa, jikata ma tana kwance.

Roƙona gare ka, ka turo malamin nan kafin Asabar, ya ja guga ya sha a gaban dagaci. Don Allah kada ya ce iska, kada ya ce halitta. Ya ce wannan ruwa mai kyau ne, wancan cuta ne, ya rufe bakinsa. Idan kuma ba wanda ya zo, za a tarar da ni a bakin rijiyar ubana riƙe da fartanya. Sun daɗe suna neman iska a wurin, ranar za su ga ɗanta.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da sharrin kalma mai fuska biyu.

Wassalam,
Tanko Mai Albasa