Ni na canza cikin harsashin mijina, kuma Asabar zai koma daji

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu, barkanku da war haka. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunan da zan ambata a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Na san akwai masu zafin baki a nan, ina karanta su kullum, ni ma na sha yi wa wasu dariya, yau ga shi layi ya zo kaina. Ku bari na kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ina rubutun nan ne domin ranar Asabar mai zuwa mijina zai shiga daji da bindiga, kuma ni kaɗai na san abin da ke cikin harsashinsa.

A Vittin muke zaune, nan Tamale. Maigidana makaniken moto ne, wato babur, shagonsa yana Aboabo, mutum ne mai haƙuri da riƙon addini, amma in ya kafe a kan magana ko tirela ba ta ja shi. Yana da gonar wake da kuɓewa can bayan gari, kusa da inda makiyaya suka yi ruga. Bana wani mazo ya addabe shi. Ga wanda bai sani ba, mazo ɗan'uwan barewa ne, ja mai zane-zanen fari a jiki, namijin yana da ƙaho masu tsini, kuma mafarauta suna tsoronsa in ya ji rauni bai mutu ba. Kullum sai ya shiga ya kwashe ganyen waken, har maigidan ya ce ya isa, zai harbe shi.

Daga ranar gidanmu ya koma makarantar bindiga. Abokansa su zo su baje a ƙofar gida, ni ina ta kai shayi, su kuma suna ta musu a kan girman harsashin da ya dace da mazo, kai ka ce yaƙi za su tafi. Wani ya ce ya ari ƙaramar raifil ɗin nan da suke kira tu-tu, ba ta da ƙara, ba ta ɓata nama. Maigidan ya ce a'a, harsashinta ƙarami ne, in ba a kai ka same shi ba sai dai ka raunata shi ya tafi ya ruɓe a daji. Wani ya ce, “To chale, abokina, nemi babbar raifil, wadda za ta ɗaga shi sama ta kayar.” Ya ce wannan kuma harsashinta ratsa dabba yake ya ci gaba da tafiya, ga ruga a bayan gonar, ga mata masu tallan nono suna bin hanyar da safe, wa zai ɗauki alhakinsu? Har bidiyon Turawa masu farautar barewa ya dinga kallo a waya, ina tsokanarsa ina cewa ko ni da ya zo aure bai yi wannan binciken a kaina ba. A ƙarshe ya tsaya a kan tasa bindigar mai baki ɗaya, wadda yake da takardarta, ya sayo harsashi mai manyan ƙwayoyin dalma, ba irin ƙananan da yake harbin fakara da su ba. Ina tuna abin da ya ce yana jera su: “Dabba ma tana da haƙƙi. In za a kashe ta, a kashe ta sau ɗaya, kar a wahalar da ita.”

To ga inda matsalata take. Ina da ciki, ya fara nauyi, kuma kafin shi na yi ɓari biyu. Duk macen da ta taɓa kwanciya a gadon asibiti ta tashi hannu wofi ta san abin da nake nufi, sauran kuma ina roƙon Allah kar ya nuna muku. Gidan su mahaifiyata a Tishigu ba sa cin mazo, ba sa kashe shi, tun kakanni, wai shi ya taɓa nuna wa kakansu ruwa lokacin da ƙishirwa ta kusa kashe shi a daji. Babana ma mafarauci ne, amma tun da ya auri uwata bai sake ɗaga wa mazo bindiga ba har ya rasu. Da na je gaida kakata na ba ta labarin gonar ina dariya, sai na ga ta ajiye goron da ke hannunta. Ta ce, “Mijin ki zai kashe mazo, ke kina da ciki? Wancan ciki da ya zube, ba naman daji ya kawo gida satin nan ba? Kin tambaya naman mene ne?” Ban tambaya ba. Ta kama hannuna ta ce, “Jinin mazo ya zuba, jinin ki zai bi shi. Na gaya miki, kunne na ba ruwan shi.”

Na dawo gida. Na sami maigidan da maganar, na yi kuka, na durƙusa. Ya ɗaga ni, ya ce, “Haba, ke da kika yi Islamiyya? Wannan camfi ne, kusa da shirka ma. Mai bayarwa Allah, mai karɓa Allah, mazo bai da hannu a ciki koraa, ko kaɗan.” Na san gaskiya ya faɗa. Wallahi na sani. Amma wane ne ya taɓa yin musu da tsoro ya ci nasara? Duk motsin da yaron ya yi sai na ji muryar kakata. In na zauna sai na tashi na duba zanena ko jini ya zo.

Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci ya bar makullin akwatin da yake ajiye harsashi a aljihun rigar aiki. Ni 'yar mafarauci ce, na girma ina kallon Baba yana buɗe kwanson harsashi yana sake cika shi, na san yadda ake yi. Na buɗe sababbin nan duka, na juye manyan ƙwayoyin, na zuba musu ƙananan na fakara daga wasu tsofaffi da ya manta da su a gwangwani, na rufe bakin yadda ba za a gane ba. Manyan kuma na zuba su a masai. A lissafina na wauta, zai harba, ƙwayoyin su yi wa mazon zafi kamar cizon rina, ya gudu ya bar gonar, ba a kashe shi ba, wake ya tsira, cikina ya tsira, kowa ya huta. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara. Ashe duk zaman da na yi ina kai shayi ban ji komai ba. Ba a gabana ya ce abin da ya fi tsoro shi ne ya raunata shi bai mutu ba?

Washegari da safe suka tafi shi da ƙaninsa Fuseini, magidanci ne mai tuƙa keken nan mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo, abokin wasana, ba ya kirana sai “matarmu”. Yana fita yana ce mini, “Matarmu, ki jiƙa yaji, yau sai kin ƙoshi.” Kafin azahar aka kira ni daga asibiti. Ga abin da ya faru: maigidan ya hango mazon a bakin gona, ya auna kafaɗa, ya harba, ya ga ya faɗi ya tashi ya shige cikin ciyawa. Suka bi jini. Fuseini yana gaba da wuƙar yanka don a samu a yanka shi kafin ya mutu. Mazon yana kwance a cikin duhuwa, ya taso masa, ya soke shi a cinya, ya yaga har kusa da mara, ya wuce. Makiyayan nan ne suka taimaka aka ɗaure ƙafar aka fito da shi titi. Likita ya ce da ƙahon ya ƙara matsawa kaɗan da ba a kawo shi da rai ba, kuma ko ya warke ba lallai ƙafar ta koma daidai ba. Mutumin da ƙafarsa ce abincin iyalinsa.

Ni ce mai kai masa abinci. Ku duba wannan hali. Na shiga da kwanon tuwo, matarsa ta karɓa tana yi mini godiya, shi kuma yana kwance ya rame, amma bakin bai mutu ba. Ya ce, “Matarmu, ina yajin? Naman ne ya fara cin mu, amma za mu rama.” Kowa ya yi dariya, ni na fita baranda na yi amai, suka ce cikin ne. Surukata har addu'a take sa mini, wai ina wahala da nauyin jiki saboda ɗanta. Ina zan sa kaina?

Maigidan kuwa ya daina cin abinci sosai. Yana ganin shi ya jawo. Ya koma wajen mai sayar da harsashin ya tambaye shi ko girman ne bai isa ba, mutumin ya rantse masa wannan girman yana kayar da abin da ya fi mazo, sai dai in daga nesa ya harba. Shi ke nan ya kama wannan ya riƙe. Jiya yana zaune a bakin gado ya ce mini, “Na zaɓi harsashi daidai, ni ne na yi gaggawa. Nisan ya yi yawa paa. Da na ƙara matsawa da Fuseini yana kan kekensa yanzu.” Sai ya ci gaba. Wai makiyayan sun aiko masa, sun ga mazon yana ɗingishi a bakin rafi, ya zama mugu, har ya kori wata mai nono ta zubar da ƙwaryarta. Ya ce shi ya raunata shi, shi zai ƙarasa shi, kafin ya kashe ɗan wani. Ranar Asabar zai tafi, shi kaɗai, don ba zai sake jefa kowa a haɗari ba. Kuma wannan karon ba zai harba ba sai ya matsa kusa da shi sosai, sai yana ganin ƙwayar idonsa.

Da sauran harsashin nan zai tafi. Bindigar tasa harsashi ɗaya take ɗauka, in ya harba sai ya tsaya ya sake ɗurawa. Zai tsaya gaban dabbar da ta riga ta ɗanɗana jinin mutum, yana ganin yana riƙe da abin kashe ta, alhali abin harbin tsuntsu ne a hannunsa. Wataƙila a kusa ya kayar da shi, wataƙila kuma ya ƙara fusata shi. Zan zauna ina caca da ran mijina?

Kar ku ce na je na gyara a ɓoye, na yi tunanin. Manyan ƙwayoyin suna cikin masai. Akwatin ma ba ya gidan, tun ranar da abin ya faru surukata ta ce kar ta sake ganin bindiga kusa da mai ciki, ya kwashe ya kulle a shago. Ban da takardar sayen harsashi, mai sayarwar kuma ya san fuskata, kafin na dawo gida labari ya riga ni. Na gwada cewa marata tana ciwo, ya ce zai kai ni wajen mahaifiyarsa na wuni. Na ce ya bar wa mafarautan ƙauyen, ya ce da wane ido zai kalli Fuseini?

In na faɗa masa, zai san ni na sa ƙaninsa a gadon nan. Zai san na zaɓi maganar kakata a kan tasa, na yi abin da ya kira kusa da shirka, na kuma zuba masa ido yana cin kansa da laifin da ba nasa ba. Mahaifiyarsa za ta ji, matar Fuseini za ta ji, wadda take karɓar kwanona da hannu biyu. Ban ga auren da zai tsallake wannan ba. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na zo faɗin gaskiya: in na faɗa, zai sayo harsashin kirki, zai kashe mazon, kuma har yanzu akwai wani lungu a zuciyata da yake rawa in na tuna maganar kakata. Na yi istigfari har bakina ya bushe, tsoron bai tafi ba. Wace irin mace ce ni, da har nake ɗora mijina da cikina a ma'auni?

Yau da safe kafin ya tafi shago ya tsaya ya ɗora hannu a cikina, yaron ya motsa, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya ce, “In na kawo shi, zan sa a jeme fatar, a kanta za a kwantar da wannan ranar suna. Ke dai ki yi mini addu'a, addu'arki tana kama ni.” Na ce Allah ya tsare. Ya ce amin, ya tayar da moto ya tafi.

Anti, masu karatu, ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Da wace kalma zan fara? Shi zan fara gaya wa, ko na nemi wani babba ya zauna a tsakani? Akwai hanyar da zan hana shi tafiya da harsashin nan ba tare da na rasa gidana ba, ko dai babu? Asabar tana matsowa, mijina ya yarda da abin da ke cikin akwatinsa kamar yadda ya yarda da ni. Don Allah, me zan yi?