Abin da Na Gani a Adakar Inna

Daren Laraba, farkon Sha'aban

Yau na je Kusfa na kai wa Inna ɗinkinta na Sallah, don bana ba na son rububin wajen tela irin na bara. Ashe ta riga ni shiri, har takalman jikoki ta saya. Da ta buɗe adaka za ta ajiye kayan, sai na hango sabon farin yadi a ninke, irin na likkafani.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Ke dai ki san inda yake."

Lafiyarta lau, tuwo ma ta ci sosai. Amma har yanzu tunanin yadin nan nake. Maigidana Malam ya tambaye ni me ya same ni, na ce masa gajiya ce. Tsoro nake in furta, bakina ya kira abin.