Ba a Kawo Shi Makoda Ba

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin Baba, da su Yaya Sama'ilu? Ina fata an samu shigar da gero kafin ruwan nan. Ni da Aina'u muna nan barikin Fatakwal lafiya, matan maƙwabta ba sa barin mu da yunwa, ko da yake abincin ba ya wuce min.

Inna, kin tambaye ni a waya ko na ga fuskar Baban Aina'u. Ban gani ba. Na roƙi manyansu na soja a kawo shi gida Makoda kamar yadda Baba ya so, suka ce an riga an binne su can Maiduguri, su bakwai, washegarin harin da aka kai musu. Ni ma sai a bakin limamin bariki na ji.

Liman mutumin kirki ne. Ya zo da matarsa ya yi mana addu'a, ya kira limamin can Maiduguri a waya a gabana. Shi ya ce min: "'Yata, ni na sallace shi, da hannuna na fuskantar da shi alƙibla." Iyakar abin da na sani ke nan.

Limamin bariki ya ce in ƙarasa takaba a ɗakin marigayi, don haka sadakar arba'in ma ba da ni za a yi ba. A yafe min.

Ga lambar kabarin a ƙaramar takarda. Ki ba Baba, ko Allah zai sa wani ya je.

'Yarki,
Zulfa'u