Sandar Ƙwallonka a Cikin Turmi

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma duk gidan nan babu wanda zan faɗa wa ya gane.

Ranar Juma'a aka yi sadakar arba'in ɗinka. Tsofaffin sojoji sun yabi jarumtarka. Mutanen sakatariya sun ce takardar talaka ba ta taɓa kwana a teburinka ba. Babu wanda ya ambaci besbol, wasan da ka koyo wurin Amurkawa da aka tura ka horo, ka dawo kana koya wa 'yan Gyadi-Gyadi, mutane na yi maka dariya wai soja ya koma wasan yara.

Na shiga kicin, sai na tarar da matar Yaya Sani tana dakan yaji da sandar ƙwallonka. Ta ɗauka taɓarya ce! Na zazzaga mata masifa a gaban baƙi, har da su Yaya, masu digiri amma ba su san abin da ubansu ya so ba.

To amma wa ya kai sandar kicin, Baba?

Ni ce. Ina shekara goma sha shida, matan unguwa suka fara cewa 'yar soja tana gudu a fili kamar namiji. Na ji kunya, na cusa ta bayan buhunan sito. Ka yi sati kana nema. Ka tambaye ni, na ce ban gani ba. Ka daɗe kana kallona, kuma ba ka sake zuwa fili ba.

Ka sani, ko? Me ya hana ka yi mini faɗa?

Yanzu filin na Tarauni duk shaguna ne. Jiya da la'asar na tsaya wurin, sai na ga shagunan sun dushe, ciyawa ta dawo. Ga ka da farar singileti, ka jefo ƙwallo, tana tahowa a hankali, tana juyi cikin hasken rana, ta ƙi isowa. Hon ɗin mai adaidaita ne ya dawo da ni.

Na wanke sandar, na shafa mata mai, amma har yanzu ƙamshin yaji take yi. Matar Yaya kuwa na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Saura yafiyarka, kuma ban san inda zan je in karɓo ta ba.

Allah Ya ji ƙanka, Ya haskaka makwancinka.

'Yarka da ta yi maka ƙarya,
Hauwa