Muryata a Cikin Ƙarar Ƙarfe

Daren Alhamis, Abhur

Yau ɗan kafilina, wato maigidana Balarabe, ya sa sabon album ɗinsa a mota, ina tuƙa shi da abokansa. Tsofaffin waƙoƙinsa na rock ya yayyanka, ya cakuɗa da ƙarar guduma da injin yankan ƙarfe. A waƙa ta uku sai na ji muryata. Ashe ranar da nake roƙon babansa ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zamana a Saudiyya, ɗauka yake yi da waya. "Allah yikhallik, ya ammi," wato don Allah baba, ake ta maimaitawa, ganga na bi.

Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Ya dafa kafaɗata: "Ya Usman, ka zama mawaƙi!"

Na ce shukran, har da murmushi. Iƙamar kuwa saura kwana tara ta mutu.